Robobi Biyu da Katangar Inna Ladi

Unguwar Kanawa, Kaduna
Talata, da hantsi

Assalamu alaikum, Nafisa autata.

Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da yayarki Hadiza da maigidanta da yaran. Allah Ya tsare min ku ciki da waje, Ya raba ku da sharrin abin da ido yake gani da wanda ba ya gani. Babanku ne zai kawo miki ita Malali da hannunsa, na kuma ja masa kunne kada ya buɗe ta a hanya, don na san halinsa da takarda.

Ba zan cika ki da labarin gida ba, mako uku kacal kika yi da barin sa. Kin ce za ki je taya Hadiza aiki, ni ma na ce to, amma ni da ke mun san abin da ya fitar da ke. Kin samu gurbin aiki wurin masu auna hawan teku a Legas, ɗaki yana jiran ki a gidan kawunki, babanku ya amince, ni kuwa na tsaya a ƙofar kicin na ce, "Ki tafi in kina so, amma ba da yawuna ba." Jiya Hadiza ta gaya min a waya cewa motar ta ranar Asabar ce, kuma kin ce in ban janye maganar nan ba, ba za ki hau ba, su ba wani gurbin. To amsarki tana cikin takardar nan. Sai dai kada ki yi min halin naki na tsallakewa zuwa shafin ƙarshe. Tun da kika iya magana nake sauraron surutunki, yau kam ki saurari nawa.

Bari in fara daga randunan Iya, kakarku, tunda ke ba ki same su ba. Lokacin da aka kawo ni gidan nan, wani ƙaton mangwaro ne a tsakar gida, wanda kakanku ya shuka tun kafin a haifi babanku. A gindinsa Iya ta kafa randuna biyu cikin yashi mai laima. Duk ranar Juma'a sai ta wanke su, ta turara, ta jefa saiwar jema a ciki. Nafisa, na yi fiye da rabin rayuwata ina sayar da ƙanƙara, amma har yau ban sha ruwan da ya kai wannan daɗi ba. Ba ya kashe haƙori, ba ya sa tari, sanyinsa a hankali yake sauka har cikin ƙirji. Masu wucewa kan yi sallama a zaure don kawai a miƙo musu moɗa ɗaya.

Kadunar lokacin ma ba wannan ba ce. Daga nan zuwa Malali a ƙafa nake zuwa ziyara, da goyon Hadiza a bayana, kuma rabin hanyar a inuwa nake yin ta. Da damina sai mun nemi mayafi mai kauri da asuba. Tsakar gidanmu jar ƙasa ce. In an yi ruwa da azahar, kafin la'asar ta shanye shi, sai ƙamshi ya rage da 'yan tsiron tafasa a gefen katanga, waɗanda Iya ba ta bari a tuge su. Kowane gida a layinmu haka yake. In na tuna wannan zamanin, abin da ya fi ci min rai shi ne da hannuna a cikin waɗanda suka kore shi.

Da masaƙar da babanku yake aiki ta rufe, gidan nan ya shiga wani hali da ba sai na tsawaita ba. Shi ya koma Babbar Kasuwa yana tsaron shagon yadi, ni kuma na sayi tsohuwar firiza na fara ƙulla ruwa a leda. Allah Ya sa wa abin albarka. Firiza ɗaya ta zama biyu, biyu suka zama huɗu, masu kifi da masu zoɓo da masu lemo duk suka san ƙofata. Wuta kuwa kin san halinta, sai ta ga dama take zuwa, don haka janareta ya shigo gidan. Firiza huɗu da janareta suna son ɗaki, ni kuma idona ya sauka a gindin mangwaro.

Ranar da na kira masu sara, Iya tana zaune a tabarmarta tana ɓarar gyaɗa. Ta dube su, ta dube ni.

"Binta," ta ce, "itacen nan fa ya riga ki zuwa gidan nan."

Na ce, "Iya, mangwaro sau ɗaya yake haihuwa a shekara. Firiza kuwa kullum sai ta haihu."

Masu sara suka yi dariya, ni ma na ji daɗin kaina, na ga na iya magana. Iya ta tattara gyaɗarta. Ta naɗe tabarmarta ta shiga ɗaki, kuma daga ranar ban sake ganin ta zauna a tsakar gida ba har Allah Ya karɓi abinSa. Randunan aka jingine su a bayan gida, ɗaya ta fashe, ɗayar ban san inda ta shiga ba.

Ba cewa nake da na bar ku da yunwa saboda itace ba. Da ƙanƙarar nan aka yi karatunku duka, ban kuma taɓa jin kunyarta ba. Amma akwai tsohon soro kusa da zaure da babu kowa a ciki, da na yi haƙuri na yi shawara, da an gyara shi an zuba firizar a can. Gaggawa ce kawai, da son a ce na iya. To ke ma bakina kika ɗauko, amsa ba ta yi miki wuya. Inda za ki, za ki haɗu da tsofaffin da ba su yi karatunki ba, su faɗa miki gajeriyar magana. In kika ji amsa mai daɗi ta zo bakinki da gudu, har kina hango yadda za a yi dariya, ki haɗiye ta, ki kwana a kan maganar tukuna.

Na siminti ya fi wannan nauyi, kuma ban taɓa faɗa wa kowa yadda yake a raina ba, ko babanku.

Kin san layinmu gangare ne. Mu muna ta sama, a can ƙarshensa kuma, inda yanzu aka yi shagunan nan uku, gidan Inna Ladi ne. Wataƙila kina tuna ta kaɗan-kaɗan, tsohuwa mai daddawa, kullum da goro a kumatu, wadda take kiran ki ƙawarta. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Gidan ƙasa ne, kuma ita take yaɓe katangarta da hannunta duk shekara. Ita ta yi min wankan jego da na haife ki, kwana arba'in ba ta yi fashi ba.

Sana'ar ƙanƙara sana'ar jiƙa wuri ce. Ana ƙulla ruwa yana zuba, ana wanke firiza, masu saye suna shiga suna fita, tsakar gida ta zama taɓo. Sai na sa aka shafe ta da siminti daga bango zuwa bango, magini ya karkatar da ita yadda ko ɗigo ba zai kwana ba, duk zai bi rariya ya fita layi. Ai kuwa gida ya yi fes. Mata suka riƙa shigowa kallo ina ta hura hanci, kafin damina biyu kusan duk gidajen sama sun yi irin nawa. Ruwan da ƙasar gidajenmu take shanyewa a da, duk ya koma layi, ya gangara, ya tsaya a inda gangaren ya ƙare.

Wata safiya bayan an yi ruwa Inna Ladi ta shigo, zanenta a jiƙe har gwiwa. Ta gaishe ni, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Binta, ruwanku fa yana kwana a gindin katangata."

Na ce, "Haba Inna, ruwan sama ne fa, na Allah. Ni na isa in hana shi gangara?"

Ta ce, "Da ma ana ruwan sama, 'yar nan. Shekarata nawa a gidan can? Bai taɓa kwana ba."

Na ce, "To ni tsakar gidan tawa guda nawa take? Ki je gidan Alhaji na sama ki ga fili. Tawa ai tafin hannu ce."

Ta je gidan Alhaji. Matarsa ta ce mata nasu ai kwanan nan aka yi, ta je ta tambayi waɗanda suka fara. Haka ta bi layin nan gida-gida da jiƙaƙƙen zanenta, kuma babu wanda ya yi mata ƙarya. Kowa nasa kaɗan ne.

Katangar ba ta faɗi a shekarar ba, ba ta faɗi a ta biyu ba. Laima ce take hawa a jikinta, bana ta kai taƙi ɗaya, baɗi ta ɗara kaɗan. Duk lokacin da na wuce ina ganin shatin, in kawar da kai. Ita kuma tana ta yaɓe. A damina ta huɗu, wata ranar da ko ruwan kirki ba a yi ba, yayyafi ne kawai, katangar ta zauna, ta tafi da ɗakin daddawa da rabin ɗakin kwananta. Allah Ya taimaka tana gidan maƙwabta. Mu mutanen layi muka taru muna ta faɗin, "Allah Ya kiyaye gaba, ai da ma ginin ƙasa ya tsufa." Ɗanta ya zo ya ɗauke ta zuwa ƙauyensu ta wajen Zariya. Ranar tafiyar na dafa shinkafa da wake na kai mata, ta riƙe hannuna ta ce, "Allah Ya yi miki albarka, Binta, ke dai ba ki taɓa yar da ni ba." Nafisa, da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Ban ce ta yafe min ba, don in na ce haka na amsa laifi ke nan. Na ce a raina zan je ƙauyen in an kwana biyu. Kwana biyun ya zama shekara, sai labarin rasuwarta na ji.

Komai da ikon Allah yake faruwa, wannan ba na shakka a kai. Amma magini ni na kira shi, ni na nuna masa inda ruwan zai bi. Kada ki taɓa ɗaukar sunan Allah ki rufe aikin hannunki da shi, kada kuma ki auna laifinki da na wanda ya fi ki girman fili. In kin ɓata wa mutum ki je a ranar, tun yana da kunnen da zai ji ki.

Yanzu sai ranar robobi, wadda na san ita kam ba ki manta ba. Azumin shekarar da kike ajin ƙarshe a jami'a, ana wani irin zafin da ko kaji sai da suka buɗe baki. Bayan la'asar masu saye sun yi layi har zaure, kowa da kularsa, ƙanƙarar kuma ba za ta isa ba don wuta ta yi kwana biyu ba ta leƙo ba. Na fito daga ɗakin firiza gumi yana zuba, sai na gan ki tsugune a bakin famfo da fararen robobi biyu, kin ɗauki ƙanƙarata har ƙulli biyu kin farke ledar. Ɗaya kin jefa ta a ruwa tana yawo, ɗayar kin ɗora ta a kwandon tsane shinkafa a saman ɗaya robar, kina shata bakin ruwan da jan farce.

"Umma, zo ki gani," kika ce, sai murna kike. "Wannan ita ce ƙanƙarar da take yawo a kan teku, wannan kuma ta kan tudu ce. Ki tsaya ki ga wacce za ta ƙara ruwan."

Ni kuwa na ɗaga murya yadda duk na zaure za su ji. "Jama'a ku zo ku ga boko! Bayin Allah suna azumi suna neman abin buɗa baki, ita tana narkar da shi wai za ta auna teku. Ke da ko kogin Kaduna sai daga kan gada kike ganin sa! To in tekun ya cika ya iso Unguwar Kanawa, sai ki tashe ni."

Aka kwashe da dariya. Kika tsame ƙanƙarar kika sa wa wata mata a kula, kika zubar da ruwan, kika kife robobin. Ba ki yi kuka ba, amma daga ranar ba ki ƙara yi min zancen karatunki ba. Babanku kika koma yi wa, a zaure, in ya dawo daga kasuwa. Kina tsammanin ba na ji, alhali ina ƙulla leda a bayan ƙofa kunnena yana wurinku. A nan na ji cewa hayaƙin fetur da gas da gawayin da duniya take ƙonawa ba ɓacewa yake yi ba, taruwa yake a sama yana riƙe zafin rana kamar bargo. Na ji cewa itatuwa suna shanye wani abu daga cikinsa, mu kuma muna ta sare su. Na ji cewa akwai ƙasashe masu sanyi inda ƙanƙara ta kwanta a kan duwatsu da tudu tun kafin kakannin kakanninmu, yanzu zafin yana narkar da ita tana gangarawa teku. Duk na ji, na kuma yi kamar ban ji ba, domin a daidai lokacin janaretana yana ruri a inda mangwaro yake a da.

Ke ma dai da naki, kada ki ce na wanke ki tas. Wa ya gaya miki ana koya wa mai sana'a karatu da la'asar ɗin azumi, ga mutane a ƙofa? Ki koyi duba fuskar mutum da lokacinsa kafin ki buɗe littafi. Amma abin da na fi so ki riƙe shi ne wannan: in an yi miki dariya kada ki kife robarki ki yi shiru shekara guda. Sau da yawa wanda ya fi kowa ɗaga murya, shi maganar ta fi taɓawa. Ki bar shi ya huce, ki dawo masa da safe. Da kin dawo min, wataƙila da na ƙara yi miki tsiya, amma da na tsaya na kalla.

Ranar Alhamis da ta wuce, da hantsi, gida ba kowa, na ɗauko robobin nan daga saman kabad. Jan farcenki yana nan a jikinsu bai goge ba. Na jefa ƙanƙara a ta farko, na ƙara ruwa har ya kai shatin. Ta biyun na cika ta zuwa shatin, na ɗora kwando, na sa ƙanƙara a ciki. Na jawo kujera na zauna ina kallo. Can sai ga babanku ya dawo, wai ya manta makullin shago.

"Hajiya, lafiya?" ya ce. "Ko duba kika fara ban sani ba?"

Na ce, "Malam, wuce ka ɗauki makullinka."

Bai wuce ba, ya jawo benci ya zauna. Muka tsura wa ruwan ido mu biyu, tsofai-tsofai da mu, muna gadin roba. Ƙanƙarar farko ta narke tas, ruwan yana nan a kan shatinsa bai motsa ba. Wallahi da an tambaye ni da na ce zai hau, ni da hannuna ya tsufa a cikin ƙanƙara. Ta kwandon kuwa ɗis, ɗis, ba hayaniya, ba ka ma ganin lokacin da yake hawa. Sai da na duƙa na ga ruwan ya haye jan layin, ya bar shi a ƙasa.

Na ce, "Malam, ka gani?"

Ya ce, "Ai ni na gani tun bara. Ke ce dai kika tsaya a bayan ƙofa."

Ashe ya san ina wurin. Na harare shi, ya ɗauki makullinsa ya fita yana dariya.

Ɗayan dalilin da na ji kina faɗa masa, cewa ruwan tekun kansa in ya ɗumama kumbura yake yi ko ba a ƙara masa ɗigo ba, wannan ban buƙaci roba ba. Uwata man gyaɗa take sayarwa, kuma tun ina yarinya take ja min kunne kada in cika kwalba har baki da sanyin safiya, don in rana ta buge ta man zai hau, ya tura toshiyar ya zubo. Sau nawa na sha faɗa a kan wannan! Har yanzu ina jin ƙamshin tiren da take jera kwalaben a kai, da muryarta tana kira na daga ɗaki. Ashe abin da kika je jami'a kika karanto, wani ɓangarensa a tiren kakarki yake, ni kuma na tsaya ina tara miki jama'a.

Ban taɓa ganin teku ba, Nafisa, sai a talabijin. Da nake kallon ɗigon nan yana sauka daga kwando, katangar Inna Ladi ce ta tsaya min a ido, da shatin laimar nan mai hawa taƙi-taƙi. Sai na gane mutanen da za ki je wurinsu su ne na ƙarshen gangare. Ba su suka kira magini ba, amma a gindin katangarsu ruwan kowa yake kwana. Na san manyan ƙasashe masu masana'antu su ne masu babban fili, na san hayaƙin janaretana bai kai ya kawo ba a kan nasu. Sai dai na taɓa faɗin irin wannan maganar sau ɗaya, na kuma ga inda ta ƙare.

Don haka in kin je, wata rana wata tsohuwa za ta tsaya a gabanki da zane a jiƙe, ta ce ruwa yana kwana a inda bai taɓa kwana ba. Ki durƙusa ki gaishe ta yadda aka koya miki a gida, ko ba kya jin yarenta. Kada ki fara da abin da na'urarku ta nuna. Ki tambaye ta ina ruwan yake tsayawa lokacin da aka kawo ta amarya, ki bi ta ta nuna miki da hannunta, don ta fi na'urar sanin katangarta. In ta ba ki abinci ki ci, ko da ƙarnin kifin nan da kike yamutsa wa fuska. Kada ki yi mata alkawarin abin da ba ya hannunki. In kuma aikin ya kai ki gaban manya, masu kujera da riguna, za ki ji kowa yana cewa nasa kaɗan ne, kuma ba lallai ƙarya yake yi ba. Ki faɗa musu duk da haka, da ladabi, ki kuma maimaita.

Kada ki ɗauka na zama waliyyiya a mako ɗaya. Janareta yana nan yana ruri, masu kifi suna jira. Abin kunyar ma, duk shekarar da zafi ya ƙaru sai cinikina ya ƙaru, in ƙara kunna shi. Ban san yadda ake fita daga wannan ba, ku da kuka yi karatu sai ku nemo mana. Abin da na iya kawai, na kira magini ranar Lahadi ya fasa min simintin ta gefen katanga. Ya dube ni kamar na zare, ya ce mutane biya suke a shafe musu, ni ina biya a fasa. Ƙasar da ta fito baƙa ce, har da ɗan wari, amma ruwan da aka yi daren jiya ta shanye nata rabon.

Sauran kin san su, amma uwa ba ta gajiya da faɗa. Sallarki a kan lokaci, ko kina tsakiyar aiki. Matar kawunki ki ɗauke ta uwa, ki tashi ki taya ta aiki kafin ta nema. Kada ki shiga kwalekwale sai da rigar nan mai hana nutsewa, ko da abokan aikinki za su ce 'yar Arewa matsoraciya ce. E, matsoraciyar ce, uwarta ma haka.

To ga abin da na yi ta kewaye-kewaye don kada in iso gare shi. Na gaya wa babanku wai nisan nake ji, wai 'ya mace a baƙon gari, wai ruwa ba abin wasa ba ne. Duk akwai su a raina, amma ba su suka sa na faɗi maganar nan ba. Ke ce auta. Yayyenki duk sun watse, kowa da gidansa. In kin tafi, daga safe har babanku ya dawo, ni ce da ƙarar firiza. Sannan na ji haushi, haushi mai zafi, cewa abin da na tara jama'a na yi wa dariya shi ne zai zo ya ɗauke min ke. Sai na ɗauki abin da ya fi komai nauyi a hannun uwa na ajiye miki a hanya, don na san ba za ki iya tsallake shi ba. Na san tarbiyyar da na yi miki, na kuma yi amfani da ita a kanki. A cikin duk kurakuraina wannan ya fi muni, kuma shi kaɗai ne wanda mai haƙƙin take raye, tana nan kusa, a Malali.

Ki yafe min, Nafisa. Na janye maganata, Allah ne shaida. Ki tafi da yawuna, da albarkata, da yardata duka, babu abin da na rage a baya. Ki je ki yi aikinki, ina alfahari da ke, na daɗe ina yi, bakina ne ya ƙi faɗa.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki a mota da kan ruwa da kan tudu. Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kau da idon mugu daga kanki, Ya sa aikinki ya amfani waɗanda ba su da mai tsaya musu. Ya dawo min da ke ina raye, in kuma bai ƙaddara haka ba, ki sani babu komai tsakanina da ke sai alheri.

Ki dawo gida ranar Juma'a da wuri, ki kwana a ɗakina, in faɗa miki da bakina ki ji da kunnenki. Ranar Asabar ni zan raka ki tasha. Na yi niyyar ba zan yi kuka a gabanki ba. In kuma na yi, kada ki sauko, ki yi kamar ba ki gani ba, ki bar mota ta tashi.

Wassalamu alaikum.

Ummanki,
Binta